Tsohon akwatin sifikar bes jita da na gada, zai gyaru a gida kuwa?

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Kawuna ne da ya yi kiɗa a wani ban a Jos ya bar min akwatin sifikar bes jitarsa, Peavey ne mai sifika ɗaya inci 15, a bayan maganaɗisun an rubuta Black Widow. Ya daɗe a sito, ledar jikinsa duk ta ɓaɓɓare, ɓera ma ya shiga ciki, kuma in na jona yana kawo sauti amma da wata irin ƙara zzz musamman a igiya mai kauri. Abokaina sun ce in cire sifikar in sa sabuwa kawai in kai wa mai kushin ya lulluɓe. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka cire sifikar nan tukuna, kuma maganar lulluɓi ka barta sai ƙarshe, ita ce mafi sauƙi a duk aikin. Abin da kawu ya bar maka ba ƙaramin kaya ba ne. Peavey kamfanin Amurka ne da Hartley Peavey ya kafa a 1965 a garin Meridian na jihar Mississippi, kuma Black Widow ɗin nan an yi ta ne yadda mai ita zai iya gyarawa da kansa, zan zo kan wannan.

Fara da gwaji kafin ka kashe ko sisi. Kwantar da akwatin a bayansa, ka kwance ragar gaba, ka kwance sukurorin sifikar ka ɗago ta a hankali don tana da nauyi, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar hannunka kafin ka zare su. Sai ka samo mita irin ta masu gyaran rediyo ka sa a om, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar lantarki, ka taɓa bakin wayoyin sifikar biyu. In sifikar mai om 4 ce za ka ga wajen 3, in mai om 8 ce za ka ga tsakanin 5 zuwa 7, haka yake dama, mita kullum ƙasa da abin da aka rubuta take nunawa, kar hankalinka ya tashi. Tunda tana kawo sauti koyil, wato siririn zaren jan ƙarfe da aka naɗa a bayan takardar sifikar, bai tsinke ba. Daga nan ka baza yatsunka zagaye da hular tsakiya ka danna takardar ciki a hankali, daidai wa daida ba ta gefe ɗaya ba, ka kasa kunne. In ta shiga ta fito shiru to lafiya, in ka ji karta-karta to wani abu na gogar koyil.

To nan ne Black Widow ta bambanta da sauran. Maganaɗisunta da noti uku aka ɗaure shi, ana kwancewa a raba shi da sauran jikin. Kuma tsofaffinsu suna da wata lalura da duk masu gyara suka sani, akwai soso da aka sa a ramin iskan da ke bayan maganaɗisun, in ya tsufa sai ya ruɓe ya marmashe ya zuba cikin siririn ramin da koyil ke kai-komo, wani lokaci ma zafi ya narkar da shi ya manne jikin koyil ɗin, sai ka ji zzz ka ɗauka sifika ta ƙone alhali datti ne kawai. Kifa ta a kan tebur mai tsabta, ka kwance notin uku, ka ɗaga maganaɗisun sama sak kar ka karkata shi, in ka karkata za ka lanƙwasa koyil. Ka ninke selotef na takarda gam ɗin yana waje, ka zura a ramin ka zagaya, ka canja ka sake har sai ya fito fes. Ragowar soson ka cire shi gaba ɗaya. Ka kawar da sukurori da duk wani ɗan ƙarfe daga wurin don maganaɗisun zai fizge su ciki, kuma kar ka yi aikin nan a tsakar gida lokacin hunturu, ƙura za ta mayar da kai inda ka fara.

Sannan ka duba koyil ɗin kansa. Kalar jan ƙarfe mai haske lafiyarsa ƙalau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna ko zaren ya warware, to sai canji, kuma ana sayar da gaban sifikar shi kaɗai, wato firam da takarda da koyil a haɗe, ka ɗora tsohon maganaɗisunka a kai. Ka kwafi lambar da ke jikin taka ka nemi irinta daidai da om ɗinta, ka kuma lura sosai kar a sayar maka da jabu. Masu naɗa koyil da hannu suna nan a kasuwa kuma akwai gwanaye a cikinsu, amma ni na fi so ka fara neman na asali. In kuma 'yar yagewa ce a takardar, farin gam na kafinta da aka ɗan tsinka da ruwa da ɗan siririn ƙyalle ta baya ya wadatar, banda sufa gulu, yana sandarewa ya tsage.

Dalilin da ya sa nake hana ka jefa kowace sifika ciki shi ne, girman cikin akwatin da ramin iskansa an auna su ne da wannan sifikar. Igiyar E ta bes tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya, takardar na tafiya da nisa sosai, in ka sa sifikar bes ta mota ko 'yar araha ta masu DJ ko dai sautin ya zama gum-gum babu fayyacewa ko kuma ta mutu da wuri.

Yanzu akwatin. Sa takunkumi ka kwashe duk abin da ɓera ya bari da tsohon auduga ko soson ciki, ka goge ka shanya a inuwa. Ƙwanƙwasa kowane gefe, ka tsira sukudireba a kusurwoyin ƙasa ka ga ko gara ko danshi sun ci. In filawud ne mai lafiya gam da sukuru sun isa, in kuma katakon dusa ne ya sha ruwa ya kumbura to ba ya komawa, a kai wa kafinta ya yanko sabon gefen amma ka tsaya a kansa kar ya canja awo, kar kuma ya toshe ramin iska ya ce ai ya gyara maka. Sau da yawa ma zzz ɗin ba daga sifika ba ne, sandar da ta tokare cikin akwatin ce ta saki, ko marikin gefe, ko ragar gaba. Duk wata haɗa a bi ta da gam, a sa sabon siririn soso a inda sifika ke zama don kar iska ta riƙa tsiyaya. Mayar da sabon soso ko audugar filo a bangon ciki ka kama da sitefula.

Wayoyin ciki in ɓera ya taɓa a canja da masu kauri a sa dalma, jak ɗin baya in ya yi tsatsa a sake. Gwada da batir mai bolt 9, ka taɓa na ɗan lokaci, fulos (+) na batirin a kan jan bakin sifikar, takarda ta turo waje, haka ne daidai. Kuma tsakanin amfilifaya da akwati wayar sifika ake sawa, ba wayar jita ba, ta jita siririya ce tana zafi tana iya kashe maka amf. Ka duba bayan amf ɗinka ka tabbatar yana ɗaukar om ɗin akwatin.

Sai ka jona da ƙaramar murya ka bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kana zagaya ɗan tishu a haɗe-haɗen ka ga inda yake motsi. In komai ya yi tsit sannan ka ɓare tsohuwar ledar, ka bi da sanfefa, ka shafa Evo-Stik a katako da bayan sabuwar leda ka bari ya sha iska kafin ka manna, a waje za ka yi nesa da wuta don warinsa na bugarwa. Tambarin Peavey da ƙarafan kusurwa ka goge su ka mayar, ka kuma sa masa taya ko ƙafar roba don kar ya sake zama a kan siminti da damina.