Tambaya da Amsa: Shin Annabi Musa Ya Yi Annabcin Man Fetur a Isra'ila?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Yayana ya turo mini bidiyon wani mai wa'azi Ba'amurke yana cewa Littafi Mai Tsarki ya faɗi tun tuni akwai man fetur jibge a ƙarƙashin ƙasar Isra'ila, wai har ya fi na Saudiyya, kuma a ƙarshen zamani za a tono shi. Yaya ya ɗauki maganar da zafi, har yana neman hanyar sayen hannun jari a kamfanin da ke haƙar. Ni hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron kada in yi jayayya da Maganar Allah. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Wanda ya tambayi ma'anar aya bai yi jayayya da ita ba.

Ayar da masu wannan wa'azi suka fi riƙewa tana cikin Maimaitawar Shari'a 33:24, inda Musa yake sa wa kabilar Ashiru albarka, yana cewa bari ya tsoma ƙafarsa cikin mai. Sai su haɗa da Farawa 49:25, inda Yakubu ya yi wa Yusufu albarkar zurfafan da ke kwance a ƙarƙashi. Daga nan su shimfiɗa taswirar kabilu goma sha biyu, su ce rabon Ashiru ya yi kama da ƙafa, yatsunta suna wajen Dutsen Karmel, saboda haka can za a haƙa.

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa, amma kafin a zo ga dutse, kalmar ce ta fara tsayar da ni. Mu da Hausa “mai” ɗaya muke cewa, ko na miya ne ko na mota, haka ma Turanci, shi ya sa kunne ke saurin ruɗewa. A Ibrananci kalmar da ke ayar ita ce “shemen”, man da ake ci, ake zubawa a fitila, ake shafa wa sarki a ka, wato man zaitun. Rabon Ashiru kuwa yammacin Galili ne, ƙasar zaitun har gobe. Malaman Yahudawa na dā, cikin Talmud, haka suka fassara ayar: ƙasar da man zaitun ke malala kamar marmaro. Ayuba ma, da yake tuna kwanakin wadatarsa a sura ta 29, ya ce da madara yake wanke sawunsa, dutse kuma na kwararo masa mai. Salon magana ne na yalwa, kamar mu ce wane yana wanka da nono.

Kada kuma a ce ai mutanen dā ba su san baƙin abin da ke ɓulɓulowa daga ƙasa ba. Sun san shi sarai, har suna da sunansa daban, “hemar”. Farawa 14:10 ta ce Kwarin Siddim cike yake da ramukan kwalta. Da ita mahaifiyar Musa ta shafe kwandon da ta saka shi a ciki. Tekun Gishiri kan tofo curin kwalta ya taso saman ruwa, Nabatiyawa, wata al'ummar Larabawa ta dā, su kwashe su sayar wa Masar. Da wannan Musa yake nufi, kalmar tana bakinsa.

To, an gwada haƙar? An gwada, ba sau ɗaya ba. A farkon shekarun 1980 wani mutumin Texas, Andy SoRelle, ya bi wannan ƙafa ta Ashiru ya kafa injin haƙa a Atlit, kudu da Haifa. Ya nutsa fiye da kilomita 6, kayan aiki suka maƙale a ramin, aka bar rijiyar. A 2000 John Brown ya kafa Zion Oil & Gas, mai hedikwata a Dallas, shi ne kamfanin da ya fi suna a wannan fage. Sun haƙa a Ma'anit a 2005, suka ƙara wasu rijiyoyin, a 2017 suka fara Megiddo-Jezreel 1 wadda ta kai kimanin kilomita 5. Fiye da shekara 20 kamfanin ya yi bai kai mai kasuwa ba, da kuɗin sayar da hannun jari yake gudanar da aiki, a 2020 kuma ya bar kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Ban ce mutanen nan ba su gaskata abin da suke faɗa ba. Sai dai gaskatawarsu ba ta mayar wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin da ya zuba, kuma nan ne abin ke ci mini rai, domin da aya ake kiran mutane, ba da lissafi ba.

Akwai ɗan mai a ƙasar, kada in rage gaskiya. An samu filin Heletz kusa da Ashkelon a 1955, amma duk abin da ya bayar a tsawon rayuwarsa kimanin ganga miliyan 17 ne, abin da Saudiyya ke haƙowa cikin kwana biyu. Sai filin Meged kusa da Rosh HaAyin, wanda wani mai suna Tovia Luskin ya nema, shi ma da ayoyin albarkar Yusufu a zuciyarsa. Mai ya fito, kaɗan ne, kuma filin na bakin iyakar Yammacin Kogin Jordan, Falasɗinawa na cewa wani ɓangarensa a ƙarƙashin ƙasarsu yake.

Dalilin ƙarancin a dutse yake. Kafin mai ya taru sai abu uku sun haɗu: dutsen da ragowar halittun teku suka dahu a cikinsa shekaru miliyoyi, dutse mai ƙofofi da zai sha man kamar soso, da murfi mai tauri da zai hana shi tserewa. A gabashin Saudiyya ukun sun haɗu a shimfiɗe, babu tsaga mai yawa. Ƙasar Isra'ila kuwa tana gefen babbar tsagar Tekun Gishiri, duwatsunta sun karairaye, inda man ya dahu sau da yawa ya sami hanya ya zurare. Kwaltar nan da ke tasowa alamar yoyo ce.

Arzikin da aka samu daga baya cikin Bahar Rum ya fito, kuma iskar gas ce: Tamar a 2009, Leviathan a 2010, nesa da gaɓar Haifa. Kamfanin Noble Energy da abokan hulɗarsa suka gano su ta hanyar aika sauti ƙarƙashin teku suna karanta amsawarsa, Chevron ya saye Noble a 2020. Yau da gas ɗin Isra'ila ke samar da mafi yawan lantarkinta, tana sayar wa Masar da Jordan. A wannan tekun dai akwai filin Gaza Marine, da aka gano wajen 2000 a ruwan Gaza, wanda rikici ya hana Falasɗinawa cin moriyarsa. Masu wa'azin mai ba su cika ambatonsa ba, ni kuwa ba na iya tsallake shi.

Game da yayanki, kada ki tunkare shi da cewa an yaudare shi, zai ƙara kafewa ne. Ku zauna ku karanta Maimaitawar Shari'a 33 tun daga farko, ya ji yadda aka yi wa mutanen Isra'ila albarka da raɓa, da hatsi, da ruwan inabi. Sannan ki roƙe shi, kafin ya saki kuɗinsa, ya buɗe rahoton shekara da dokar Amurka ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su miƙa wa hukumar kula da hannayen jari, SEC. Kyauta ake karanta shi a intanet. Ya duba layi biyu: ganga nawa aka tabbatar tana ƙasa, kuma dala nawa ta shigo daga sayar da mai a bara.