Ko tsananin zafin bazara na nufin ruwa ya kusa?

Malam, ka tambaya ko zafin da ake fama da shi a Kano alama ce ta cewa ruwan sama ya kusa sauka. Zafi kaɗai ba ya kawo ruwa, sai ya haɗu da danshi. A watan Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40, amma sau da yawa sama tana nan garau, domin busasshiyar iskar Sahara ce ke da rinjaye. Sai daga Mayu zuwa Yuni, idan iska mai danshi daga Tekun Atlantika ta matso arewa, ƙasar da ta gasu tun hantsi take cilla wannan iska sama, ta yi sanyi, gajimare ya taru. Shi ya sa hadarinmu ya fi haɗuwa da la'asar ko da dare, kuma galibi daga gabas yake tasowa, ƙura da iska mai ƙarfi na gabansa.

Idan gumi ya ƙi bushewa a jikinka har cikin dare, to danshin ya iso. Ka riƙa bin hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, sannan don Allah ka duba rufin gidanka tun yanzu, domin iskar hadarin farko ta sha yaye kwanon gidajen mutane.