Amsa: Ina ƙananan halittun Gulbin Rima suka tafi?

Malam, ka tambaya me ya sa ƙaguwa da 'ya'yan mazari suka yi wuya a gulbi, sai jar tsutsa. Ruwan ne ya canza. Takin zamanin da ake zubawa a fadama, da dagwalon kwatami, su ke ciyar da gansakuka. In ta ruɓe sai ta shanye iskar oksijin. Jar tsutsar nan jininta na riƙe iska, shi ya sa take jurewa. Maganin feshin albasa kuwa ba ya tambayar wane ƙwaro ne.

Ka je Kwalkwalawa, ƙauyen da ke bakin Rima kusa da Sakkwato, da rani, ka ɗaga dutse a bakin ruwa. Laka ta toshe maɓoyar ƙananan halittun, saboda ana noma har gaɓa. Amma ka kula da dodon koɗi, wasunsu na ɗauke da tsargiya.