Tambaya da Amsa: Wace Kwantirola ce ta Dace da Batirana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya a Samaru, Zariya, inda nake amfani da faifan sola biyu masu wat 300 kowanne, da batir biyu na ruwa masu bolt 12 da amfiya 200, waɗanda aka haɗa suka ba da bolt 24. Kwantirolar cajina, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga faifai, irin da ake kira PWM ce, kuma batiran ba sa cika. Wani mai sayar da kaya a Sabon Gari ya ce in koma wata irin kwantirola da ake kira MPPT, amma tsadarta ta sa na dakata. Me za ku ba ni shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, sai dai kafin ka taɓa aljihu ka hau rufi ka duba faifan, domin ƙurar hunturu kaɗai tana iya rage wutar da suke bayarwa ƙwarai.

Bambancin na'urorin biyu yana wajen yadda suke karɓar wuta. Faifai irin naka yakan yi aikinsa mafi kyau a wajen bolt 36, amma PWM tana janyo shi ƙasa zuwa inda batir yake, wato kusan bolt 28, abin da ke tsakani kuma ya tafi a banza. MPPT kuwa tana juya wannan rarar ta zama ƙarin amfiya da ke shiga batir. A zafin Maris da Afrilu ribar tana raguwa, saboda faifai idan ya yi zafi ƙarfinsa yakan sauka, amma duk da haka ni MPPT zan zaɓa wa shagon da batir ne jarinsa.

Lissafin girmanta ba wuya: raba wat 600 da bolt 24, za ka samu amfiya 25, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda kariya, ya zama kusan 31, sai ka sayi wadda ta ɗara haka, mai amfiya 40. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne lambar Voc da ke rubuce a bayan faifai, wato bolt ɗin da faifai yake fitarwa idan ba a jona shi da komai ba. Idan ta kai 45 kuma ka haɗa faifan biyu a jere, wato wayar + ta ɗaya da wayar − ta ɗayan, ka tara bolt 90 ke nan, kuma da sanyin safiyar Disamba da Janairu lambar tana ƙara hawa, don haka kwantirola mai iyakar bolt 100 ta yi kusa da bakin gaɓa, mai 150 ta fi kwanciyar hankali. Ka kuma ɗaga ta ka ji nauyinta, domin MPPT ta gaskiya tana ɗauke da naɗaɗɗiyar wayar tagulla a ciki, ta jabu kuwa sakayau take, sunan ne kawai a jikinta.

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa domin na'urar ta gane bolt 24 ne, sannan faifai. Wajen cirewa kuma faifai ne farko. Inbata a kan batir kai tsaye ake ɗaura ta, ba a ramin fitilu na kwantirola ba. A saiti ka zaɓi batir mai ruwa, cikon caji, wato inda caji yake kaiwa don batir ya cika, a wajen bolt 28.8 zuwa 29.2, na riƙo kuma, wato inda ake riƙe shi bayan ya cika, 27.2, sai dai in takardar kamfanin batirin ta faɗi wata lamba, to ita za ka bi. Idan na'urar ta zo da wayar auna zafi, ka manna ta a jikin batir, domin a bazara cajin da ya wuce kima yana ƙafar da ruwansa da sauri.