Amsa ga 'yar'uwar da ke aiki daga gida tana kewar ofishinsu na Istanbul

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, na wuce, na dawo, na sake wucewa. Sai yanzu da gida ya yi shiru na ce bari dai in zauna in rubuta miki, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kin ce shekara 4 kika yi kina aiki a Istanbul, kika dawo gida, kamfanin ya bar ki ki ci gaba da aikin ta kwamfuta. Yau wata 8 ke nan, amma kullum kika tashi daga aiki sai ƙirjinki ya yi nauyi don kewar ofis da abokan aiki, mutanen gida kuma suna ganin rashin godiyar Allah ne ke damun ki. Kina tambaya ko ki ajiye aikin, ko ki koma, ko ki daure. Wallahi ina karantawa ina jin kamar labarina kike bayarwa.

Ni a Kuala Lumpur na zauna. Karatu ya kai ni, aiki ya riƙe ni. Da aka kulle Malesiya ranar 18 ga Maris 2020 saboda korona, duk muka koma aiki daga ɗakunanmu, kuma gaskiya a lokacin ban ji wani ciwo ba. Kowa yana cikin ɗan akwatinsa a fuskar kwamfuta, manaja da ƙaramin ma'aikaci girman akwatinsu ɗaya, yaron wannan ya yi kuka, kyanwar wancan ta gifta, a yi dariya. Shi ya sa da aka buɗe iyakokin ƙasar a 1 ga Afrilu 2022, jikin mahaifiyata kuma ya matsa, ban yi wani dogon tunani ba. Na ce ai na saba, abin da na yi a can shi zan yi a nan. Ashe ba haka ba ne. A kulle kowa a gida daban, a ce ke kaɗai ce ba kya nan, kowa kuma yana ofis, daban. Su suna zaune a tebur ɗaya suna kallon juna, ni kuwa na zama lasifika a ƙarshen tebur. Wani ya yi raha, ɗaki ya kwashe da dariya, ni sai gunji kawai nake ji. In na buɗe baki an riga an wuce wurin.

Ke kin ma ji daɗi, awa 2 ne tsakaninku da Turkiyya. Ni awa 7 ne. Ƙarfe 9 na safensu ƙarfe 2 na darena ne, su tashi ƙarfe 6 na yamma ni lokacin 11 na safe ta yi. Wata 5 na yi ina tashi ɗaya da rabi na dare, in wanke fuska, in yafa mayafi a kan kayan barci, in kunna kyamara ina murmushi. Da rana kuma babu mai yarda cewa aiki na kwana yi. Ai kina gida, ɗan duba mana kaza. Ai kina gida, raka ni asibiti. Maganar nan ta "ai kina gida" har yau in na ji ta sai raina ya sosu.

Amma duk wannan ba shi ya karya ni ba. Bayan na taho aka kawo mana sabuwar shugabar sashe, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi na kamfanin ba, Allah ya san su. Akwai wani aiki da na fi shekara ina rainonsa, ni na tsara shi tun daga tushe, aka sa ranar da za a gabatar wa manya. Ƙarfe 10 na safensu, 3 na darena. Kwana uku ina shiri. Daren ban ma kwanta ba don kada barci ya sace ni. Uku saura kwata na shiga Zoom, aka bar ni a ɗakin jira. Uku ta yi. Uku da minti 10. Na tura wa shugabar saƙo, shiru. Na tura a rukunin sashenmu, shiru. Na fita na sake shiga, na kashe intanet na kunna, ina zargin layina, har da tashin ƙanena daga barci ya ara mini wayarsa. Ina zaune cikin duhu da takarduna a cinya har aka yi kiran assalatu. Sai wajen ƙarfe 5 ta rubuto mini layi ɗaya, wai an mayar da taron wani ɗaki a hawa na sama, babu na'urar haɗa kira a can, "mun manta ba kya nan, amma komai ya tafi lafiya."

Mun manta ba kya nan. Na karanta ya fi sau 20. Ban san wanne ya fi ciwo ba, an manta ba na nan ko an manta ina nan. Wanda ya gabatar da aikin kuwa wani yaro ne da ni na koya masa komai, ni na nuna masa har yadda ake cike takardar neman hutu. Ba laifinsa ba ne, an ce ya tashi ya tashi. Amma ita fa? Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Washegari ta kira ni a kan wani abu daban, muryarta garau kamar ba a yi komai ba, har tana tambaya me ya sa ɗigon sunana a Teams, manhajar ofis, mai nuna ko ina kan aiki, yake yawan komawa rawaya. Kin san in kika bar kwamfuta minti 5 ba ki taɓa ba sai koren ya koma rawaya. Matar da ta bar ni awa 2 a ɗakin jira ita ce ke ƙirga mini mintunan shiga banɗaki. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko lokacin da na baro ƙasar. Bayan wata 3 aka yi ƙarin girma, yaron nan aka ba. A hoto na gani, an yanka kek, an tsaya a jikin tagar da teburina yake. Teburin ma an ba wata. Kayana an zuba a kwali, wata abokiyar aikina ta ɗauka ta kai gidanta. Na yafe mata? Ina dai ƙoƙari. Wani lokaci ina cikin salla sai maganar ta faɗo mini.

Yi haƙuri, na tafi da nisa. Abin da nake son ki gane, kewar nan ba butulci ba ce. Ni ba ginin nake kewa ba. Ina kewar fitowa daga jirgin ƙasa a tashar KL Sentral cikin tururuwar mutane kowa da inda ya nufa. Ina kewar ruwan la'asar da ke tsare mu a ƙofar ofis mu tsaya hira har ya ɗauke, da ɗan masallacin ofis inda muke haɗuwa da azahar, da yaran sashen da ke kira na Kak, wato yaya da yarensu. A can in na shigo da fuska a ɗaure, kafin in zauna wani ya tambaye ni lafiya. A nan ina iya yin kwana 4 da zazzaɓi, muddin ɗigon nan kore ne babu wanda zai sani. Mutanen gida suna ganin albashi yana shigowa, ba ki biyan kuɗin mota, ba rana ba ruwa, to me kike nema kuma? Kada ki ɓata bakinki wajen yi musu bayani. Ni na daina.

Kuma kada ki ɗauka ke ce mai rauni. Akwai binciken da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi da abokansa a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, aka buga shi a 2015. Sun bar wasu ma'aikata suna aiki daga gida wata 9, aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, amma damar samun ƙarin girmansu ta ragu da kusan rabi in an kwatanta da masu ƙoƙari irin nasu da ke ofis. Da aka gama aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka ce ofis za su koma, kaɗaici ya ishe su. Ranar da na karanta wannan sai na ji wani sanyi-sanyi, ashe ba ni kaɗai ba ce, ashe abin da aka yi mini har lissafi gare shi. Su fa garinsu ɗaya da ofishin, suna ma leƙawa sau ɗaya a mako.

Maganar ajiye aiki, don Allah kada ki rubuta takardar nan da dare, kada kuma ki rubuta ta ranar da aka ɓata miki rai. Ni sau 3 ina rubutawa ina gogewa. Ki fara duba kwantiraginki tukuna. Har yanzu ma'aikaciya ce ke ko sun mayar da ke 'yar kwangila? Ni da na taho aka soke takardar izinin aikina, don a Malesiya da kamfanin da ya ɗauke ki take ɗaure, aka kawo mini sabuwar yarjejeniya na sa hannu cikin ɗoki ban karanta ba. Sai daga baya na ga babu hutun shekara, babu inshorar lafiya. Abin haushi, a 1 ga Janairu 2023 gyaran dokar aikinsu ya fara aiki, aka rage awannin mako daga 48 zuwa 45, aka ba ma'aikaci damar neman sauyin lokaci ko wurin aiki a rubuce, dole kamfani ya amsa cikin kwana 60. Ni lokacin na riga na fita daga sahun ma'aikata da hannuna. Haraji ma ki tambaya. A Malesiya kwana 182 a shekara ake dubawa kafin a ɗauke ki mazauniya wajen haraji, kowace ƙasa da nata ma'aunin, ki nemi akanta ya duba miki naki kafin wata rana a turo miki takardar da ba ki zata ba. Izinin zamanki na can kuma ki duba ranar ƙarewarsa yau ɗin nan, tunda kina tunanin komawa.

Barci. Ki riƙe barcinki da kyau. Ni sai da hawan jini ya fara leƙo ni sannan na yi ta maza na ce musu ba zan ƙara tashin dare ba. Muka daidaita, ina shiga 7 na safe zuwa 11, daidai da 2 zuwa 6 na yammarsu, duk wani taro a sa shi a nan, sauran aikin in yi ni kaɗai da rana. Abin da na yi wata 5 ina tsoron tambaya, cikin imel ɗaya aka amince. Na ji haushin kaina ba kaɗan ba. Kuma duk abin da aka yanke a taro ki ce a rubuto shi. Duk Juma'a ina tura wa shugabar jerin abin da na gama a makon, in sa wanda ke samanta a ciki. Ba don neman suna ba. Don kada a sake mantawa.

Abokan aikin kuwa, ki shirya ranki, yawancinsu za su yi sanyi. Ba mugunta ba ce, zumunta a ƙafa take, ke kuma ƙafarki ba ta can. Mu 14 ne a sashen, yanzu mutum 2 ne kawai muke magana ta gaskiya. Ki zaɓi ɗaya ko biyu, ki sa musu rana, ki kira su ta waya ba ta manhajar ofis ba, kuma kada a yi maganar aiki. Ita wadda ta ajiye mini kwalin nan duk Lahadi muke waya, ta ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya yi faɗa da wa, ni kuma in ji kamar na leƙa. Rukunin WhatsApp na ofis kuwa na rufe masa baki. Ban fita ba, amma na daina buɗe hotunan liyafa da tsakar dare. Ke ma ki daina, na san kina yi.

Wani abu da ya taimake ni, ko da yake za ki yi dariya: ina sa takalmi. In zan fara aiki sai in yi wanka, in sa kayan fita har da takalmi, in zagaya layinmu minti 15 in dawo, kamar na je ofis. In na tashi in rufe kwamfutar in sa ta a jaka in rataye. A gado kam ba na aiki ko da wasa. Kwana 2 a mako kuma ina zuwa wani wurin da ake hayar tebur, mutane kowa da aikinsa. Ba abokaina ba ne, wasu ko sunansu ban sani ba, amma akwai wanda zai ce miki sannu da zuwa, akwai motsin kujera da tarin mutum. In babu irinsa kusa da ke, ko ɗakin karatu ne ki je. In kuma kin ga kukan ya wuce mako biyu kullum, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, ki ga likita, ba abin kunya ba ne. Ni na je.

Komawa fa? Ban isa in ce miki ki koma ko kada ki koma ba, ban san abin da ya dawo da ke ba. Ni dai na je ziyarar mako 2 a bara. Mai gadin ƙofa sabo ne, sai da ya ba ni katin baƙi na rataya a wuya. Rabin fuskokin ban san su ba. Aka rungume ni, aka yi murna, bayan minti 20 kowa ya koma kan kwamfutarsa, ni kuma ina tsaye da jaka ban san inda zan zauna ba. Ita shugabar tana hutu, ba mu haɗu ba, har yau ban san ko daɗi na ji ko haushi ba. In kina da hali ki nemi su kai ki ko na mako ɗaya kafin ki yanke hukunci, ki gani da idonki ko wurin da kike kewa yana nan. Ki sa a rubuta miki ma a kwantiragi, zuwa sau ɗaya a shekara a kuɗinsu, wasu kamfanonin suna yarda.

Kwalin nawa na buɗe shi a gidan ƙawar tawa. Kofi ne, da dardumar salla, da wata rigar sanyi da nake sawa saboda na'urar sanyaya ɗakin ofis, da tarin biro. Dardumar kawai na ɗauko, sauran na ce ta bayar. Ba ki faɗa mana ba, naki kayan suna can ko kin kwaso? Kuma shugaban naku ya san halin da kike ciki, ko ke ma murmushi kike yi wa kyamara?