Hukuncin kwanciyar aure bayan tiyatar ƙarin mahaifa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Shari'a Mansur a Makka nake. An tsaga cikina an cire mini ƙari a mahaifa, yau mako 3. Likita ta ce mu dakata da kwanciyar aure sai an cika mako 6, amma maigidana ya matsa, wai mala'iku na kwana suna tsine mini. Ga jini ina gani jifa-jifa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Hadisin da maigidanki ya kawo ingantacce ne, yana Bukhari da Muslim, sai dai ya ajiye shi ba a muhallinsa ba. Maganar macen da ta ƙi mijinta babu uzuri ake yi. Ke kuwa ɗinki biyu ne a jikinki: na fata da kuke gani ya fara bushewa, da na mahaifa da ido ba ya kai wa gare shi, kuma shi ne abin tsoro. Saduwa kafin ya haɗe tana iya tayar da jini ko ta shigar da ƙwayoyin cuta. Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa. Allah da kansa ya hana kusantar mai haila a Suratul Baƙara aya ta 222 saboda cutarwa, balle mai ɗanyen rauni. Don haka wa'adin likita shi ne abin bi. Tilasta miki haramun ne, kuma ba ki da zunubi. Runguma da sumba babu laifi, muddin ba a danne cikin ba.

Cikar mako 6 ma ba ita kaɗai ba ce, sai likita ta duba ta sallame ki. In akwai zazzaɓi, ruwa mai wari ko zafi mai tsanani, asibiti za ki koma. Da ma ya raka ki ya ji da kunnensa, don na lura maza sun fi yarda da bakin likita.

Jinin nan na ciwo ne, ba haila ba, ba biƙi ba. Ki yi ƙunzugu, ki yi alwala, ki yi sallarki ko a zaune, sai in kwanakin al'adarki ne suka zo da jinin da kika sani.

Likitoci kan ce a jinkirta ɗaukar ciki wata 3 zuwa 6 bayan irin wannan aiki. Yin tazarar ya halatta da yardarku duka, domin Sahabi Jabir ya ruwaito cewa su Sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Wallahu a'alam.