Ina ruwan coci da maganar haraji?

TAMBAYA: Malam, ina sayar da robobi a kasuwar Sabon Gari. Maƙwabcin shagona Kirista ne, mun yi shekara goma muna bar wa juna jiran shago. Ran Litinin ya ce min an yi musu wa'azi a coci kan manyan kamfanoni masu zille wa haraji, wai su ke ƙara mana talauci. Ina ruwan coci da haraji? Ba siyasa ce aka shigo da ita ta bayan gida ba?

AMSA: Alhaji, maƙwabcinka bai ƙirƙiro maganar ba. Tun 2008 ƙungiyar agaji ta Kiristoci, Christian Aid, da ke Ingila ta ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa na asarar dala biliyan 160 duk shekara ta hanyar maguɗin farashi da rasitan bogi. A 2015 kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya ce sama da dala biliyan 50 ke sulalewa daga Afirka a kowace shekara.

Ga yadda ake yi, da yaren kasuwa. A ce ka sayar wa ƙaninka dilar atamfa a farashin da ka saro ta, shi kuma ya kai ta inda ba a karɓar haraji ya sayar da tsada. Mai karɓar haraji ya buɗe littafinka, babu riba ko sisi. To haka kamfani ke yi da reshensa da ke wata ƙasa kamar Morishas, inda ofishin bai wuce tebur da akwatin wasiƙa ba. Abin haushin, sau da yawa doka ba ta kama su. Kai kuwa da ƙofar shagonka ke kallon titi, ina za ka ɓuya?

Su Kiristoci hujjarsu na cikin Linjilar Luka sura 19: wani shugaban masu karɓar haraji mai suna Zakka (sunansa ke nan, ba zakkarmu ba) ya tuba, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai biya shi ninki huɗu.

Siyasa kuwa, akwai ta mana. Amma mu Kanawa ba baƙinta ba ne. Kan haraji da jangali 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, suka sha ɗauri, sai 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke harajin da jangalin. A 2023 ma Nijeriya ce ta gabatar da ƙudurin ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya kan a sake tsarin harajin duniya. Ƙasashe 125 suka goyi baya, Amurka da Birtaniya na cikin waɗanda suka ƙi.